Gaisuwa Biyu ga Mai Rai

Duk kasuwar kifi ta Mokpo babu wanda bai san bakin Chilsong ba. Mutum ne da ko gobara ake yi sai ya tono abin dariya a cikinta. Amma ranar da ya shiga ɗakin makokin amininsa Duman, ya tsaya gaban hotonsa da aka kewaye da fararen furanni, sai gwiwoyinsa suka ƙi lanƙwasuwa.

Abin ba wuya gare shi ba. A al'adarsu, mai rai ana durƙusa masa sau ɗaya, mamaci sau biyu, yaro ma ya san wannan. Matsalar ita ce Chilsong ya riga ya yi wa Duman biyun nan tun yana numfashi.

Makon jiya ne, a asibiti. Duman ya rame har zobensa na yawo a yatsa. Ya sa matarsa ta fita, ya yafito abokinsa.

"Zauna, Chilsong. Akwai maganar da nake so in faɗa maka, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Tsoro ne ya kama Chilsong, gaskiyar ke nan. Shi kuwa in ya tsorata shaƙiyanci yake yi, hali zanen dutse.

"Kai, tsohon banza, wasiyya za ka yi? To bari in sallame ka tun yanzu, kada ka ɓata mini ranar ciniki!"

Ya zube ya kai goshi ƙasa, ya miƙe, ya sake zubewa. Duman ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ma'aikaciyar jinya ta shigo ta kori baƙo. Chilsong na bakin ƙofa ya ji Duman yana cewa, "Mahaukaci! To, sai gobe." Da goben ta zo, Duman ba ya gane kowa.

Yanzu ga layin masu ta'aziyya a bayansa, ga ɗan marigayin yana kallonsa. Ya daure ya yi gaisuwar, ya wuce zauren cin abinci. 'Yan kasuwa sun baje suna karta, don ba a barin gidan mutuwa ya yi tsit, kunya ce ga mamacin.

"Ga shi nan!" in ji wani. "Chilsong, zo ka ɗumama wurin nan, tun ɗazu kamar an jiƙa mu."

Bai ko waiwaya ba. Gilja yake nema, matar Duman, wadda ba ta taɓa ɓoye cewa wasansa na isar ta ba. Ya same ta cikin baƙaƙen kaya tana zuba miyar nama a kwanoni.

"Matar ƙanena," ya ce, don tamkar ƙane ya ɗauki Duman. "Maganar nan da ya so ya faɗa mini, ya gaya miki?"

Ta ajiye ludayin, ta dube shi. Ya so a ce ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Da ka tafi na tambaye shi, Chilsong. Har roƙonsa na yi. Ya ce ba tawa ba ce, taka ce."

"Bai ce komai ba? Ko kalma ɗaya?"

"Ya ce in ƙyale ka. Wai kai sai ka gama haukanka kake jin magana, zai jira ka."

Chilsong ya dafa bango. Ga baƙin ciki, ga kunya, ga haushin kansa, ya rasa wanda zai fara da shi.

Gilja ta miƙa masa kwano. "Karɓi ka ci. In ka gama je ka ba mutanen nan dariya, don Allah. Yau kam ana so."

Ya je ya zauna cikinsu. Suka matsa masa wuri, suka ajiye kartar, kowa ya zuba masa ido da murmushi tun kafin ya fara. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Ba abin da ya fito sai kuka.