Kirarin Gidan Iya Sikira

"Ta sake ture shi," in ji Anti Zinariya, tana goge kunun da ya zube mata a zani. "Kwana uku ke nan, Bahijja. Ko ruwa sai da dabara."

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin, ban shiga ba. Iya Sikira, maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya a Jakara, tana kwance a katifa, ɓarin jikinta na dama ya shanye tun ranar Laraba. Likita ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a. Abin da bai faɗa ba shi ne ciwon ya tafi da Hausarta. Matar da ta shekara hamsin da biyar a cikin birni, wadda in ta tsaya cinikin manja a Kurmi ba ka raba ta da Bakanuwa, ta farfaɗo babu Hausa ko ta gaisuwa a bakinta. Sai Yarabanci. A gidan kuwa ɗanta Isiyaku kaɗai ke ji, shi kuma yana hanyar Fatakwal da tirela. An ba direbobi saƙo, ba a san inda zai riske shi ba. Anti Zinariya matarsa ce.

"Ke da kika yi bautar ƙasa a ƙasarsu, shigo ki ji mana."

"Anti, gaisuwa kawai na iya."

"Shigo dai. Mai ido ɗaya sarki ne a garin makafi."

Na shiga na raɓe a jikin bango. Jikar Iya, Ummulkhairi ɗiyar Anti Zinariya, 'yar shekara goma sha bakwai, tana zaune a gefen katifar. Iya ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ɗora a kan yarinyar, ta fara wata doguwar magana, muryar na hawa tana sauka kamar rabin waƙa. Can ta tsaya, ta zuba wa bakin Ummulkhairi ido.

"Na'am, Iya. Sannu," in ji yarinyar.

Iya ta janye hannunta ta juya fuska bango.

"Kullum haka," in ji Anti Zinariya. "Ni tsorona kada wasiyya ce take bari, mu kuma mun zuba mata ido kamar gumaka. Ta tafi da yunwa da fushinmu, me zan ce wa mijina?"

Ban gane kalma ko ɗaya ba, amma na san sautin. A Ogbomosho, gidan da na yi haya, kowace safiya jikokin mai gidan sukan durƙusa ta dafa kansu ta yi musu irin wannan. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito.

"Ina jin kirari ne."

"Kirari? Iya ce za ta yi kirari a kwance, kamar ɗan tauri?"

"Na gida ne, Anti. Oriki suke ce masa."

Da rana aka ɗauko Alhaja Mulika, Bayarabiya mai atamfa a Ayagi. Ta zauna ta saurara har Iya ta kai inda take tsayawa, sai ta tafa hannu.

"Ba wasiyya ba ce. Kirarin gidan mijinta ne, mutanen Iseyin, masaƙa. Kowane gida da nasa." Ta juya wajen Ummulkhairi. "Miƙa miki take yi, 'yata. Da ta tsaya, jira take ki mayar mata."

"To Alhaja, ki mayar mata ke mana, ta samu ta ci abinci," in ji Anti Zinariya.

"Ni? Ni 'yar garin Ofa ce, ba Iseyin ba. In na faɗa, kayan mutane na ɗauka. Jini ke ɗaukar wannan."

Sai ta karkata wajen Iya ta yi mata faɗa da Yarabanci, Iya ta amsa a hankali. Muka tambayi Alhaja abin da suka ce.

"Cewa na yi sai yanzu? Shekara goma sha bakwai yarinya na gabanta. Ta ce tsoro ta ji kada yara su riƙa tsokanarta a makaranta, kamar yadda suka yi wa ubanta har ya daina amsa mata a waje."

Ummulkhairi ta sunkuyar da kai. "Alhaja, ni ko ina kwana ban iya ba. Yaya zan yi?"

"Aku ma yana koyo, balle ke mai sakandare."

Na koma gida na ɗauko ragowar littafin da na yi rubutun digirina a ciki. Iya na faɗa, Alhaja na maimaitawa a hankali, ni ina rubutawa yadda kunnena ya ji, da baƙaƙen Hausa. Inda murya ta hau in ja kibiya sama, inda ta sauka in ja ƙasa. Layi ashirin da ɗaya muka samu. Alhaja ta leƙa littafin ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko malamin Ibadan ba zai karanta wannan ba. Amma ta gaya mana ma'anar wasu: 'ya'yan masu saƙa a gindin kuka, waɗanda suka yafa wa baƙo mayafi kafin su tambayi sunansa.

Bayan la'asar Ummulkhairi ta karanta layi biyu na farko. Iya ta mintsine ta a cinya.

"Wayyo! Yaya Bahijja, me na yi?"

"Kin sauka inda kibiya ta hau."

Ta sake. Ta kuma sakewa. A karo na biyar Iya ba ta mintsine ta ba. Anti Zinariya ta miƙa cokali da sauri, Iya ta buɗe baki. Cokali uku ta sha, ta rufe.

"Kun gani ko?" in ji Anti Zinariya. "Har a kwance ciniki take. Layi biyu, cokali uku."

Haka muka yi mako guda. Da safe in shigo da littafi, mu zauna a tabarma. Cinyar Ummulkhairi ta yi tabo-tabo. Wani lokacin takan yi kuka ta ce harshenta ba zai juya ba, wani lokacin in ji ta ta katanga tana wanke-wanke tana maimaitawa. Cokali ya kai bakwai, ya kai goma. Jikin Iya dai kullum raguwa yake, muryar na shigewa ciki. Ranar Alhamis sai da muka kai kunne bakinta. Ni tsorona kada muryar ta ƙare kafin layukan su ƙare.

Ranar Asabar, ranar da soja suka miƙa mulki ga Bayarabe, duk layinmu rediyo ke tashi. Malam Sabo tela, Bagobirin da ya shekara talatin yana tsokanar Iya, ya ɗaga murya daga zaure: "A gaya wa baiwata nasu ya hau, ta tashi ta dafa mana teba!"

Ummulkhairi ta miƙo min littafin ta ce in riƙe. Ta durƙusa gwiwa biyu. Iya ta ɗora hannu a kanta, amma wannan karon ba ta fara kirarin ba, jira kawai ta yi. Yarinyar ta fara. Ina bin ta da yatsa a takarda. A layi na goma sha huɗu ta tsaya, na buɗe baki zan taya ta, Iya ta harare ni na rufe. Sai ga shi ya zo mata. Ta kai ƙarshe.

Iya ta ce, "O she." Wannan kam na sani. Na gode ke nan.

Ta shanye kofin kunu duka, ta yi barci. Bayan azahar ta farka, Anti Zinariya ta yi kalmar shahada kusa da kunnenta, Iya ta bi ta. Wannan ba ta nemi tafinta ba. Kafin la'asar Iya ta cika.

Mun yi kuka, amma ba irin wanda na ji tsoro ba. Anti Zinariya na rufe ta da mayafi tana cewa, "Alhamdulillahi. Da cikinta a ƙoshe ta tafi."

Baba Isiyaku bai iso ba sai ranar addu'ar uku, da baƙin mai a rigarsa. Bayan maza sun watse ya shigo tsakar gida ya zauna a kan turmi. Ina gefe ina tattara kwanuka.

"Ta bar wata magana?" ya tambayi matarsa.

Anti Zinariya ta kalli 'yarta. Ummulkhairi ta ajiye tsintsiya, ta zo ta durƙusa a gabansa ta fara. Da farko kallonta kawai yake. Da ta gama ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Sake," ya ce. "A hankali."

Ta sake daga farko, leɓensa na motsi kaɗan-kaɗan a bayan nata.