Ɗakin da Aka Auna wa Saje

Auta ta durƙusa a gaban mahaifinta da tef ɗin awo a hannu, ta ce, "Baba, miƙa hannunka sama, iya inda ba zai yi maka ciwo ba."

Saje ya miƙa. Yana zaune a keken guragunsa, ƙirji a gaba, kai ka ce babban hafsa ne ya zo duba fareti. Ta ja tef daga ƙasa zuwa kan yatsunsa.

"Rabona da a auna ni haka tun ranar da aka ɗauke ni soja," in ji shi. "Su ma tsawo da faɗin ƙirji kawai suka duba. Ke kuwa har inda nake jingine Kofur sai da kika auna."

Kofur ita ce ƙafarsa ta roba. Ta ainihin ya baro ta a filin daga tun Auta tana goye. Ya raɗa wa ta robar wannan suna ne don wai ita kaɗai ta rage masa a duniya da zai ba umarni ta bi ba gardama.

Aikin Auta zanen gine-gine ne. Kamfanin da take yi wa aiki ya sami kwangilar zana gidan kula da tsofaffin sojoji, irin waɗanda jiki ya ƙi kuma jinyarsu ta gagari gida, aka danƙa mata ɗakunan kwana. Littattafan ofis cike suke da awo, amma awon jikin da ba na kowa ba ne. Ita kuwa tana da tsohon soja nata na kanta. Shi ke nan ta fara zuwa wurinsa duk ƙarshen mako, ita da a da sai dai gaisuwa ta waya.

Matsalar ita ce, lokacin rasuwar mahaifiyarsu, cikin kuka, Auta ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, in na yi gini, ɗakinka zan fara fitarwa." Maganar kuka ce, ita ta manta, shi bai manta ba. Ranar farko da ya ga tef bai tambayi komai ba, sai dai baki har kunne. Da yamma tana harhaɗa kayanta ta jiyo shi ta taga yana gaya wa maƙwabcinsa, "Auta ce ke fitar mini da ɗaki a gidanta. Ka ga yaran yanzu, ɗaki ma sai an gwada maka kamar riga."

Ta tsaya cak. Taku kaɗan ne tsakaninta da ƙofa, ta fita ta gyara zancen, amma ƙafarta ta ƙi. A mota ta yi ta gaya wa kanta ai ba ta yi ƙarya ba. Gaskiya ne ba ta yi ba, ta dai bar ƙarya ta zauna a gidan tana ba ta ruwa duk mako.

Kuma abin haushin, aikin ya yi kyau. Daga wurin Saje ta gane cewa tsohon soja ba ya kwanciya ya ba ƙofa baya, sai ta juya kowane gado ya fuskanci ƙofa. Ta ga yadda yake zabura in iska ta buga ƙyaure, har shayi ya zube masa a cinya, sai ta sa ƙofofin da ke rufuwa a hankali ba ƙara. Ta sauko da taga yadda na zaune zai ga waje. Ta hana a sa daɓe mai sheƙi, don idonsa yana ɗaukar sheƙi a matsayin ruwa, ya ƙi takawa. Ta fitar da ɗan lungu a gefen gado, daidai tsawon hannu, na jingine ƙafar roba. A ofis aka yi ta yaba mata, wai ta san ciwon tsofaffi. Duk yabon da aka yi sai ta ji kamar an tsikare ta da allura.

Ana dab da fara gini, masu gidan suka ce fili ya yi kaɗan, masu jira kuma da yawa, a matse kowane ɗaki a sami ƙari. Auta ta zauna gaban zanen tana neman abin da za ta cire. Filin juya keke ba ya taɓuwa. Banɗaki ba ya taɓuwa. Sai idonta ya faɗa kan kusurwar da ta ajiye kujerar mai ziyara. Ai akwai babban falon baƙi can bakin ƙofar shiga, in ji zuciyarta. Shugabar ma'aikatan jinya ma da ke wurin ta ce, "Cire kawai, 'yar nan. Watannin farko ne ake zuwa, daga nan kujerar ta zama wurin tara wanki." Auta ta goge kujerar, ta matso da bango, ta tafi cin abincin rana.

Gini ya tashi, aka yi fenti, aka shuka itatuwa. Sai Saje ya faɗi a banɗaki, ya daɗe a ƙasa kafin matar Yaya ta dawo daga kasuwa ta same shi. Bai karye ba, amma Yaya, babban wansu wanda Baba ke zaune a gidansa, ya ja Auta gefe a asibiti.

"Auta, mun yi iya yinmu," ya ce. "Ni ina wurin aiki, ita kuma ba ta iya ɗaga shi. Ke a bene kike, kullum kina hanya. Gidan nan da kika zana, an ce yana da haƙƙin ɗaki a ciki. Ke za ki faɗa masa, ke yake jin maganarki."

"Yaya, ka san fa abin da yake zato."

"Na sani. Unguwa duk ta sani. Wa ya bar shi yana zaton?"

Ta ce za ta faɗa masa gobe, goben ta haifi wata goben, har ranar tafiya ta zo ba ta faɗa ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Baba, ɗakin ya kammala, zo mu je ka gani."

Ya sa aka goge masa tsohuwar rigarsa mai aljihu biyu, ya ɗaura Kofur, ya sa mata takalmi mai sheƙi. A mota yana ta ba'a, wai in ɗakin bai yi ba zai sa ta tsallen kwaɗo a gaban mijinta. Suka iso mararrabar da ake karyawa dama a nufi gidanta. Auta ta miƙe gaba, ba ta karya ba. Ta gefen ido ta ga ya juya kai ya bi hanyar da kallo har ta ɓace, sannan ya maido fuskarsa gaba. Ba'ar ta tsaya. Ta ci gaba da tuƙi.

A bakin ƙofar gidan akwai allo ɗauke da sunansa da manyan baƙaƙe, kuma Saje ya iya karatu sarai. Ya karanta, ya gyara wuyan rigarsa. Wasu tsofaffi biyu da ke shan hantsi a baranda suka ɗaga masa hannu, ya sara musu.

"Baba…" in ji Auta.

"Tura ni mu ga aiki," ya ce. "Ba a yin surutu lokacin duba bariki."

Ta tura shi ta dogon baranda zuwa ɗakin. Ya karɓe keken da kansa, ya shiga, ya juya shi a tsakar ɗaki bai taɓa komai ba. Ya miƙa hannu, makunnin fitila na nan daidai yatsunsa. Ya tura ƙofa da ƙarfi, ta tafi a hankali ta rufe shiru. Ya leƙa banɗaki, ya kama ƙarfen riƙewa ya jijjiga, ko gezau. Ya matsa taga, ya ga itatuwa da hanya ba tare da ya ɗaga wuya ba. Sannan ya kama gefen gado ya hau, ya kwance Kofur, ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ta shige lungunta kamar can aka haife ta.

"Kofur ta sami masauki," ya ce. Ya dubi ƙofa daga inda yake zaune, ya gyaɗa kai. "Aiki ya yi, Auta. Ban taɓa kwana a ɗakin da ya san ni haka ba."

Da zagi ya yi, da ta fi jin sauƙi. Hawaye ya cika mata ido, kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta ce, "Baba, ka yafe mini. Tun ranar farko ya kamata in faɗa maka."

"Soja inda aka tura shi nan yake zuwa," in ji shi, ba tare da ya dube ta ba. "Bar wannan."

Ya ci gaba da bin ɗakin da ido, daga wannan bango zuwa wancan, kamar mai neman abin da ya ajiye. Ya duba bayan ƙofa. Ya duba gefen taga. Auta tana tsaye riƙe da jakarsa, sai yanzu ta lura tun shigowarsu a tsaye take.

"Abu ɗaya ne ban gani ba," ya ce a hankali. "Kin auna hannuna, kin auna keke, kin auna Kofur. To ke, in kin zo, a ina za ki zauna?"

Ta dubi kusurwar. Bango ne kawai, fari tas, daidai inda ta matso da shi da hannunta. Ta so ta ce akwai falon baƙi can gaba, sai ta fasa.

Saje ya dafa katifa da hannu biyu, ya ja jikinsa can jikin bango. Gadon na mutum ɗaya ne, ita ta auna shi. Amma daga gwiwarsa ta hagu zuwa ƙasa, inda ƙafa ya kamata ta kasance, akwai fili. Ya shafa wurin, ya gyara zanin gado, ya buga shi da tafin hannu.

"Zo zauna nan," ya ce. "Dama wurin ba kowa."