Ƙwallayen Dabino da Kaurin Titinmu

Shekara goma sha ɗaya ina zama a ƙofar gidana a Zongo, duk kamiyon da ya wuce sai in jefa ƙwallon dabino a gwangwani. Mai taya shida gwangwaninsa daban, tirela daban. Ba wanda ya sa ni. Daɗi nake jin yadda ƙasa ke rawa ƙarƙashin tabarmata, kowace mota da irin rawarta. Ran Juma'a in ƙirga, in rubuta da ajami a bangon zaure.

Sau biyu titin nan yana farfashewa, ruwan damina ya shigo mini har ɗaki. Da aka zo gyara na uku, 'yar ƙanena Nafissatou tana cikin injiniyoyin.

"Baffa, hanya biyu ake lissafa kaurin titi," in ji ta. "Ɗaya jadawali ce, a duba ƙarfin ƙasa da yawan motoci. Ɗayar kuma a auna yadda marmara da kwalta za su lanƙwasa in taya ta danna. Shugabanmu Samir ya gwada duka, ɗaya ta ce marmara santimita ashirin, ɗaya ashirin da biyu."

"Yaushe kuka ƙirga motocin?"

"Makon bayan Babbar Sallah."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. A irin wannan makon ai direbobin Nijar da Burkina sun sauke raguna sun koma gida cin nama.

Ran Litinin da safe na shimfiɗa tabarma a tsakiyar titi, gaban katafila, na jera gwangwanayena.

"Tsoho, tashi mu yi aiki," in ji Samir. "Lissafi biyu sun yarda da juna."

"Sun yarda don ƙarya ɗaya kuka ciyar da su. Ka taka ni da dabinona."

"Da ƙwallon dabino za mu gina titi?"

"Kai da hutun Sallah za ka gina."

Masu shayi suka fashe da dariya. Nafissatou ta ja shi zaure, tana karanta masa bangon layi-layi. Sun daɗe. Ya fito da kwamfutarsa a buɗe, yana share zufa.

"Ɗaya ta ce talatin, ɗaya talatin da biyar," ya ce, bai dube ni ba. "Baba, yanzu ka tashi."

"Wanne za ka bi?"

"Mai kaurin."

Ban motsa ba sai da na ga an ɗaga alamar kaurin titi da ke jikin turakun awo.