Furen Dajin da Inna Zuwaira Ta Nema

"Ba shi ba ne, Batula. Wannan na bakin hanyar jirgi ne, dogo kamar dawa. Har warin kamfani yake."

Batula ta dangwarar da kwalbar furen a tebur, kusa da gadon da tsohuwar take kwance. Da hantsi ta tsallaka shinge a bayan benensu na Saint-Fons, a Faransa, ta karyo shi, har ƙaya ta yage mata zane.

"Inna, rawaya dai rawaya ce."

"Nawa gajere ne, iyakarsa gwiwa. A inuwar itace yake fitowa. Verge d'or, haka marigayi yake ce masa."

Inna Zuwaira maƙwabciyarta ce, ƙofa da ƙofa. Mijin tsohuwar, da yana raye, duk ƙarshen bazara sai ya kai ta daji bayan gari su tsinko. Jiya lokotoro, wato likita, ya duba ta, ya ce a kira dangi.

Waya ta yi ƙara. Shamsiya ce, ƴar tsohuwar, daga Paris.

"Tanti, jirgin ƙasan ya yi retard, bai iso ba, muna gare, a tasha, har yanzu. Don Allah kar ki matsa ko'ina. Kar ta cika ba kowa kusa, s'il te plaît."

"Ina nan. Bar kuka, yi addu'a."

Dajin, bas biyu ne zuwa, biyu dawowa. Ga tukunya a wuta, ga yaranta sun kusa tasowa daga lakwal, makarantarsu. In ta fita rai ya yi halinsa, wa zai laƙana mata kalmar shahada? Bango?

Batula ta jiƙa auduga ta shafa wa tsohuwar a leɓe.

"Inna, ce La ilaha illallah."

Tsohuwa ta juya fuska.

"Furen tukuna."

"Subhanallahi! Da Allah za ki yi ciniki? Fure ne zai amsa miki tambayar kabari?"

Tsohuwa ta lumshe ido. Numfashin ya fara sarƙewa, yana ja yana tsayawa. Batula ta durƙusa, ta kama hannun, sanyi ƙalau. Ta daina faɗa. Ta dinga maimaita kalmar ita kaɗai, a hankali, bakinta dab da kunnen.

Can leɓen ya motsa. Tsohuwa ta faɗa, tiryan-tiryan, har ƙarshe.

Batula ta sauke ajiyar zuciya. Ta dubi takalmanta a bakin ƙofa, ta dubi bargon da da ƙyar yake ɗagawa.

Yatsun suka ɗan matse nata.

"To, na faɗa. Yanzu je ki tsinko mini."