Bayan Hajjo

Shekarar da damina ta yi gardama, wata Baturiya ta sauka Gwandu da na'urar hoto rataye a wuya. Ta ce yawon duniya take yi tana ɗaukar fuskokin yara, don masu hali su ga irin wahalar da suke sha. Aka haɗa ta da Malama Tasalla ta makarantar firamare, wadda ko hedimasta ba ya ja da ita a Turanci.

Tasalla ta ɗauke ta kamar 'yar ɗaki. Mako biyu tana yi mata tafinta, har ta kai ta Kalgo gidan yayarta Hajjo, gidan da ba kowa take kaiwa ba.

Madina, ɗiyar farin Hajjo, tana shekara shida, ta tashi daga ƙyanda duk ta rame. Da aka zaunar da ita kan turmi za a ɗauke ta, Baturiyar ta nemi uwar ta zo ta rungume ta. Hajjo ta yi murmushi, ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe. Tasalla ta yi bayani har sau uku: ɗiyar fari ce, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta kallonta a gaban mutane. Kunya ce. Ta ƙara da cewa tun da hatsi ya yi wuya, Hajjo sau ɗaya take ci a wuni, rabonta na biyu kuwa ta hannun maƙwabciya yake bi ya isa ga yarinyar, don kada a ce ita ta ba ta. Baturiyar ta rubuta duka a littafinta, har da share hawaye.

Bayan wata bakwai, Namadi malamin asibiti ya dawo daga Sakkwato da wata mujalla. Ga Madina ta cika shafi, idanu zuru-zuru, can bayanta kuma ga bayan Hajjo. A ƙasa an rubuta cewa a wannan ƙasa yunwa ta kai uwa ta juya wa 'yarta baya. Aka bi da godiya ga Malama Tasalla, wadda ta fayyace komai.

Namadi ya kai wa Tasalla, ya ba ta shawara ta ƙone abin ta huta. Sai dai mujallar ta riga ta bi hannuwa a tashar mota, kuma Tasalla ba ta yarda yayarta ta ji daga bakin 'yan kasuwa ba. Ranar Juma'a ta shiga motar Kalgo.

Hajjo ta daɗe tana kallon shafin. Tasalla ba ta taɓa ganin ta kalli yarinyar haka ba.

"Mi anka rubuta?"

Da Tasalla ta ce addu'a ce, da an wuce wurin. Amma ta karanta mata, kalma bayan kalma, har da sunanta da ke ƙarshe.

"Ke kika kawo Baturiyar nan, Tasalla," in ji Hajjo a hankali. "Furar da ta sha ran nan, tawa ce."

"Na faɗa mata gaskiya, Yaya. Wallahi sau uku."

Hajjo ta tashi. Ta ɗauko almakashi ta raba hoton biyu. Ɓangaren yarinyar ta naɗe shi a ƙyalle ta sa ƙarƙashin akwati, ɗayan kuwa ta ture shi gefen tabarma. Ranar ba ta raka ƙanwarta ko bakin zaure ba.

Tasalla ta aika wasiƙa huɗu zuwa adireshin da ke jikin mujallar. Ko ɗaya ba a amsa ba.

Ɓangaren da aka ture, ita ta tsince shi. Ta datse rubutun Baturiyar, ta manna bayan Hajjo a bangon ajinta, ta rubuta a ƙasa da Hausa da Turanci: Wannan matar wata biyar tana kwana da yunwa don 'yarta ta ci. Hedimasta ya ce ta cire, ba ya cikin manhaja. Ta ce ya cire da hannunsa. Bai cire ba.

Madina ta warware, har tana zuwa hutu Gwandu. Hajjo takan aiko ta da daddawa da gaisuwa. Amma duk lokacin da Tasalla ta zo Kalgo da baƙo, ko wane ne, a zaure ake tsayar da shi.