Baƙin Layi a Zanen Auta

Ƙyallen yana shimfiɗe a ƙasa, fanka tana kora shuɗin fenti a kansa yadda ta ga dama, Auta kuwa ta harɗe hannu tana kallo kamar ba nata ba. Yayanta yana ɗaya gefen ɗakin, rula a hannu, fensir a bayan kunne, yana kallonta ta wutsiyar ido. Shekara ashirin da biyu ke nan yana zane a wannan ɗaki da mahaifinsu ya bar musu, bai taɓa ɗora buroshi a inda bai auna ba. Shi ne ma ya koya mata riƙon buroshi, tun tana share majina da bayan hannu.

Ga shi yanzu ta yi watsi da buroshin. Sai ta tsiyaya fenti ta karkata ƙyalle, ko ta ajiye shi inda rufi ke yoyo, ko ta sakar masa fanka. Wai ita ke fara zane, sa'a ta ƙarasa. A wurinsa wannan lalaci ne kawai aka sa wa riga. Ya sha faɗa mata haka, ita kuma ta yi dariya ta ce Yaya ko atishawa zai yi sai ya auna.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma ranar Litinin matar da ke shirya baje kolin zane-zane ta zo, ta ce bangon da ke fuskantar ƙofa zane ɗaya zai ɗauka, kuma daga ɗakin nan take son sa. Ta tsaya gaban nasa, hoton tashar mota da ya yi wata huɗu a kai, wanda har lambobin motocin ana iya karantawa. Ta yaba, ta ce hannu ya faɗa. Sannan ta tsuguna gaban na Auta, wanda ko bushewa bai yi ba, ta daɗe tana ƙare masa kallo. Wannan kallon ne ya tsaya masa a rai. Bai yi wa kansa ƙarya ba, kishin ƙanwarsa yake yi, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ranar Laraba da rana Auta ta tafi ɗauko 'yarta daga makaranta. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Daga ƙarshe ya sauko da gwangwanin baƙin fenti daga kan kantar da suke jera fenti. Tunda ta ce sa'a ce abokiyar aikinta, bari sa'ar ta gwada mata halinta. Ya tsaya a bakin ƙyallen Auta, ya tsiyaya baƙin daga wannan gefe zuwa wancan. Da ya gama ya goge bakin gwangwanin, ya danne murfin, ya mayar da shi wurinsa, ya koma kujerarsa.

Da ta dawo ya ce mata wata kyanwa ce ta faɗo ta taga ta ture fenti. Auta ta dubi layin, ta ɗaga kai ta dubi gwangwanin a kan kantar, ta ce Allah ya kyauta.

Washegari mai baje kolin ta dawo. Tun daga bakin ƙofa ta nuna zanen Auta. Ta ce ranar Litinin shuɗin yana ta kwarara ne ba ƙashin baya, wannan baƙin layin shi ya tsayar da shi. Ta ce ba ta taɓa ganin layi mai rai irinsa ya fito daga ɗakin nan ba. Yana tsaye yana ji. Shekara ashirin da biyu yana jiran a faɗi haka a kan layinsa.

Bayan ta tafi, Auta ta zauna tana rubuta katin da za a liƙa a ƙarƙashin zanen.

"Yaya," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "kyanwa ba ta rufe gwangwani. Na kuma auna da rularka, layin ya faɗi daidai kashi ɗaya cikin uku na ƙyallen. Hali zanen dutse."

Ta miƙo masa katin da biro. Ta bar wuri kusa da sunanta.

"In naka ne, sa hannu. Amma in an tambayi yadda aka yi, kai za ka ba da amsa."

Ya riƙe biron har fanka ta juyo kansa sau uku, sannan ya ajiye.

Ranar da aka buɗe baje kolin, suna ɗaya ne a katin. Ya tsaya can bayan jama'a, kusa da tashar motarsa da aka rataye a hanyar fita. Yana jiyo Auta tana ba da labarin kyanwar, mutane suna dariya, wani yana cewa ai kyanwar nan ta fi masu zane da yawa hannu. Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa zaton zai wayi gari yana kishin kyanwar da shi ya ƙirƙira ba.