Faifai na Biyu, Babu Ginanjar

Waƙa uku muka naɗa a faifanmu na biyu lokacin da Ginanjar, wanda muke kira Kang, wato yaya, ya ce ya daina. Shekara tara yana riƙe mana makirufo a ƙungiyarmu, Tungku Beusi. Ni nake kaɗa jita, Entis kuma yana dukan duro da guntayen ƙarafan da yake tsintowa a garejin kawunsa. Faifanmu na farko ya zaga birnin Bandung ne saboda muryar Ginanjar. Kowa ya san haka, har mu.

Ginanjar ya fara ɗaukar karatun addini wurin wani malami a Cimahi, ya bar gemu, ya buɗe shagon zuma da turare. Ba mu yi faɗa ba. Wata Laraba da la'asar ya shigo situdiyo ruwa ya jiƙa shi, ya zauna kusa da ni.

"Komar, alfarma na zo nema. Ka goge muryata."

"Haba Kang! Ba ka taɓa yin waƙa kamar ukun nan ba."

"Shi ya sa."

Entis ya ajiye guduma. "To ustaz, ƙarafan nawa fa? Su ma wuta za su?"

Ginanjar ya yi murmushi. "Ban zo yi wa kowa wa'azi ba, Tis. Tawa kawai na zo ɗauka."

Na goge yana kallo. Ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, ya bar mana kwalbar zuma a kan sifika, ya fita.

Bayan wata biyu muka samu Nenden. A wata masaƙa take aiki a Majalaya, shekara goma sha ɗaya cikin ƙarar injina, ranar Lahadi kawai take iya zuwa a babur ɗinta. Ba ta ihu irin na Ginanjar. Muryarta a dushe take, ƙasa-ƙasa, kamar mai faɗa maka mugun labari a kunne. Ta ɗauko mana ƙarar injinan saƙa a wayarta, Entis ya ɗora dukansa a kai. Ta rubuta waƙa a kan ƙawarta da aka sallama tana da ciki wata shida. Wata bakwai muka yi muna aikin. Har yau ina ganin faifan ya fi na farko, amma ban faɗa wa kowa ba sai Entis.

Mun ƙaddamar da shi a wani zaure a Ujungberung, Lahadi da rana. Mutum kusan ɗari uku, duk cikin baƙaƙen riguna. Muna waƙa ta uku aka fara kiran sunan Ginanjar daga baya. Wani ya ɗaga murya, ya kira Nenden da Teteh, wato yaya mace: "Teteh, koma gida ki dafa shinkafa!"

"Tun asuba na dafa, ƙanena," in ji Nenden. "Kai ne dai ba ka yi wanka ba."

An yi dariya, na ɗauka mun tsira. Amma kafin waƙa ta shida rabin zauren ya fita shan taba. Na yi wa Entis alama muka koma tsofaffin waƙoƙi. Nan take suka dawo da gudu, suna rerawa da ƙarfi har ba a jin Nenden. Ta sauke makirufon, ta tsaya tana kallon su har aka gama.

Muna loda ƙarafa a mota Entis ya ce, bai dube ni ba, "Na samu aikin walda a Batam, wurin ƙera jiragen ruwa. Mako biyu ya rage."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin mu gama faifan."

Kwalayen faifan da ba mu sayar ba suna ƙarƙashin matakalar gidanmu, mahaifiyata ta shimfiɗa musu leda saboda danshi. An sauya wa Nenden ranar hutu zuwa Talata, ranar da nake wurin aiki. Jiya ta kira ni a lokacin cin abincinsu, ina jin injina a bayanta.

"Kang, ka sake sauraron sa tun ranar?"

"A'a."

"Ni ma. Na rubuta wasu baitoci. In turo?"

Na ce ta turo. Aka buga musu ƙararrawa, ta kashe wayar.